Jirgin Ƙasa, Zuƙar Taba da Iskar Taga: Kalmomin Jamusanci Masu Fuska da Yawa

Ɗalibin da ya buɗe ƙamus ya nemi kalmar Jamusanci Zug zai fara cin karo da "jirgin ƙasa". Da a nan aka tsaya, da an huta. Amma a ƙarƙashinta akwai jerin gwano, da zuƙar taba, da kurɓin ruwa, da iskar da ke ratsowa ta taga, da motsa ɗa a wasan dara, da rukunin sojoji, da kamannin fuska, da halin mutum, da ƙaurar tsuntsaye. Turanci yana da kalma dabam ga kusan kowanne daga cikinsu, shi ya sa wanda ke koyon Jamusanci ta hannun Turanci, kamar yadda yawancinmu ke yi, yake ganin abin ba kai ba gindi.

Alhali yana da gindi. Zug ta fito ne daga ziehen, wato ja. Da zarar Bahaushe ya riƙe wannan, sauran sai su biyo a jere. Jirgin ƙasa taragai ne da kan jirgi ke ja. Mai shan taba jan hayaƙi yake yi. Iska tana ja daga ƙofa zuwa taga. Tsuntsayen da ke baro Turai in sanyi ya shigo, waɗanda wasunsu har fadamar Haɗeja da Nguru suke sauka, sunansu Zugvögel. In aka liƙa wa kalmar ɗan guntu a gaba, sai ta ƙara haihuwa: Anzug kwat da wando ne, abin da ake ja a jiki, Aufzug lif ne mai jan mutane zuwa saman bene, Umzug tashi daga wani gida zuwa wani, Abzug kuwa cire wani abu daga albashi ne, janye sojoji ne, kuma kunamar bindiga ce. Har tarbiyyar yara, Erziehung, daga wannan jan ta fito. Mu da muke jan kunne, mu ja hankali, mu ja ragama, mu ja da baya, mu ja wa kanmu, ba mu da bakin yi wa Jamusawa dariya.

Akwai dai inda za mu ɗan yi. Bajamushe yana tsoron iskar da ke ratsa ɗaki kamar yadda ake tsoron cuta. A mota ko ofis, ko da ana zafi, in ka buɗe taga biyu masu kallon juna, wani zai dafe wuya ya ce "Es zieht!", wato "tana ja!", kuma dole a rufe. Wanda ya sha zafin watan Afrilu a Sakkwato ba zai taɓa gane wannan ba.

Daga wasan darar Turawa kuma aka sami Zugzwang: lokacin motsinka ya zo, dokar wasa ta hana ka zama haka nan, kuma duk ɗan da ka taɓa asara ce. Harsuna da dama sun ari kalmar yadda take, 'yan jaridar Jamus kuma suna yawan jefa ta kan 'yan siyasa. Akwai ma gari sukutum a Suwizalan mai suna Zug, wanda ba ruwansa da jirgin ƙasa: sunan ya samo asali ne daga jan komar masunta a bakin tafkinsa. Yau abin da garin ke ja shi ne kamfanonin duniya masu gudun haraji mai nauyi.

Marubucin nan na Amurka, Mark Twain, ya zauna a Heidelberg a 1878, ya sha fama da harshen, ya huce haushinsa a wata maƙalar barkwanci da ta fito a 1880. Kalmomi biyu ya fi tsangwama: Zug da Schlag. Ita Schlag bugu ce. Bugun zuciya Herzschlag, kanun jarida Schlagzeile, shawara Vorschlag, ambulan Umschlag, waƙar da ta yi tashe Schlager, shanyewar ɓarin jiki Schlaganfall. A shagon kofi a Ostiriya, in ka ce "mit Schlag", ba mari za ka sha ba, bugaggen kirim za a ɗora maka a kai. Twain bai ji Hausa ba ne kawai, da ya ga yadda muke buga waya, mu buga jarida, mu buga ƙwallo, mu buga ƙwai.

Fada da kwaɗo

Schloss fada ce, irin ta sarakunan da. Schloss kuma abin kulle ƙofa ne. Duka biyun daga schließen suke, wato rufewa, domin asalin irin waɗannan gine-gine ganuwa ce mai datse hanya. Neuschwanstein, wadda Sarki Ludwig na Biyu na Bavariya ya aza harsashinta a 1869 ya kuma mutu a 1886 bai ga ƙarshenta ba, Schloss ce. Haka nan ɗan abin da ake datse keke da shi a bakin tasha.

A birnin Kolon, tun wajen 2008 masoya suke zuwa gadar jirgin ƙasa ta Hohenzollern, su rubuta sunayensu a jikin kwaɗo, su datse shi a shingen gadar, su wurga ɗan makullin cikin kogin Rhein. Dubbai ne a wurin yanzu. Littafin Franz Kafka mai suna Das Schloss, da ya fito a 1926 bayan rasuwarsa da shekara biyu, labarin wani mai awon fili ne da ya yi ta neman isa ga hukumar da ke cikin fadar bai samu ba. Mai karatu da Jamusanci yana jin ƙarar kulle a cikin sunan littafin tun bai buɗe shi ba. Mai karanta fassara fada kawai aka ba shi. Mu kuma namu abin ya fi nasu ban dariya, tunda kwaɗonmu yana kulle shago, yana kuka a tafki da damina, kuma ana cin sa da zogale da ƙuli-ƙuli.

Bashi da laifi

Schuld ita ce kalmar da aka fi yi wa surutu a wajen Jamus. Schuld laifi ne, Schuld kuma bashi ne, ko da yake in kuɗi ake nufi an fi cewa Schulden, da jam'i. Wanda kotu ta kama da laifi schuldig ne, wanda ake bin sa kuɗi ma schuldig ne. "Entschuldigung", da ake faɗa in an taka ƙafar mutum a jirgi, ma'anarta ta asali sauke wannan nauyin. Ga wani ƙarin abin mamaki: mai bin bashi Gläubiger ne, mai imani ma haka ake kiransa. Da gaskiyarsu, domin wanda ya ba da rance ya yi imani ne za a biya shi.

Masanin falsafa Nietzsche ya gina hujja a kan wannan a wani littafinsa na 1887, inda ya ce jin nauyin laifi a zuciyar ɗan Adam ya samo asali ne daga mu'amalar mai bashi da mai bin bashi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wani masanin falsafar, Karl Jaspers, ya fitar da Die Schuldfrage a 1946, kan tambayar laifin Jamusawa. Shekara bakwai bayan haka, a 1953, aka zauna a Landan kan ɗaya ma'anar, aka yafe wa Jamus ta Yamma kusan rabin bashin da ƙasashen waje ke bin ta. Girka tana cikin waɗanda suka sa hannu. Da rikicin bashin Girka ya ɓarke a 2010, Jamus ta dage sai an tsuke bakin aljihu, Girkawa ba su manta da tuna mata wannan ba.

A lokacin ne masu sharhi suka yi ta cewa Jamusawa na ƙyamar bashi ne saboda harshensu ya haɗa shi da laifi. Zancen yana da daɗin faɗa, amma ni ban saya ba. Mutanen Holan ma kalma ɗaya suke da ita, schuld, mai ma'anonin nan biyu, kuma magidantansu suna cikin waɗanda suka fi kowa bashin gida a Turai. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ko wane suna harshe ya raɗa masa. Ita kanta Jamus, da ta sa wa tsarin mulkinta "birkin bashi", Schuldenbremse, a 2009, ta sassauta shi a Maris na 2025 don kuɗin tsaro. Bremse ɗin nan ma, ban da birki, sunan wani babban ƙuda ne mai cizon dawaki da shanu.

A gurguje

Schlange maciji ne, kuma layin da ake bi a kanti.

Hahn zakara ne, kuma kan famfo.

Strauß jimina ce, kuma damin furanni da ake kai wa amarya.

Mutter uwa ce, kuma notin da bakanike ke ɗaurewa. A jam'i ne suke rabuwa: iyaye mata Mütter, notuna Muttern.

Gericht kotu ce, kuma abincin da aka girka aka kawo. Babbar kotun tsarin mulki da ke Karlsruhe da tuwon da mutum ya fi so a duniya, Leibgericht, suna da wutsiya ɗaya.

Birne wani ɗan itace ne mai siririn wuya da faɗin gindi, kuma kwan lantarki ne, kuma kan mutum ne in ana raha. Masu zanen barkwanci sun liƙa wa Helmut Kohl, shugaban gwamnati daga 1982 zuwa 1998, wannan laƙabi saboda siffar kansa. Sunansa na ainihi ma bai cece shi ba, domin Kohl kabeji ne.

Glück sa'a ce, kuma farin ciki ne. Himmel sararin sama ne, kuma aljanna. Stimme murya ce, kuma ƙuri'a. Welle, ta cikin sunan Deutsche Welle da ke magana da Hausa tun 1963, igiyar ruwa ce kafin ta zama zangon rediyo.

Morgen safiya ce, gobe ce, kuma tsohon ma'aunin gona ne: gwargwadon abin da mutum zai nome da shanu kafin rana ta take. Gabas a tsohon salo Morgenland ce, ƙasar safiya, Yamma kuma Abendland, ƙasar maraice, daidai da yadda Larabawa suka raba Mashriƙ da Magrib.

Kalmar da ke ƙaryata kanta

Aufheben tana nufin ɗaukar abu daga ƙasa. Tana nufin adana shi. Tana kuma nufin soke shi. Uwa za ta ce wa yaro ya aufheben takardar da ya yar. Mai kanti zai ce ka aufheben rasit ɗinka. Kotun ɗaukaka ƙara za ta aufheben hukunci. Adanawa da sokewa a baki ɗaya. Hegel, masanin falsafar da aka haifa a Stuttgart a 1770, ya yi murna da wannan ƙwarai, har ya mai da ita ginshiƙin tunaninsa: a ganinsa kowane mataki na tarihi yana soke na bayansa, yana adana abin da ke cikinsa, yana kuma ɗaga shi sama. Masu fassara shi zuwa Turanci sun rasa yadda za su yi, har suka tono wata kalma mai tushen Latin da ba wanda ke faɗarta a kasuwa. Mai fassara zuwa Hausa yana da ɗan sauƙi, domin muna ɗaga abu, muna kuma ɗage dokar hana fita. Ma'anar adanawar ce kaɗai za ta ba shi aiki.

Umfahren ta fi wannan haɗari. In ka danna murya a kan gaɓar farko, ka banke abu da mota ke nan. In ka danna a ta biyu, ka kewaye shi. A rubuce iri ɗaya ne sak. Haka übersetzen: da nauyi a baya, fassara ce, da nauyi a gaba, ƙetarar da mutum kogi ne a kwale-kwale. Bature mai jin Turanci yakan riƙe baki, amma wanda ya tashi yana bambance gari na zama da gari na tuwo, ko fari na launi da fari na rashin ruwa, da kunne kawai, ba baƙon abu ba ne a wurinsa.

Namiji, mace, da na uku

Sunaye a Jamusanci jinsi uku ne, der, die da das, kuma wani lokaci wannan ɗan guntun ne kaɗai ke raba ma'ana. Der See tafki, die See teku. Saboda haka Bodensee tafki ne, Nordsee teku ce. Sai ka ce to, ai akwai Meer, wadda take teku ba gardama. Sai a nuna maka Steinhuder Meer kusa da Hannover, wanda tafki ne marar zurfi. Der Leiter shugaba, die Leiter tsani. Die Steuer haraji, das Steuer sitiyari. Der Kiefer muƙamuƙi, die Kiefer wata bishiya. Der Tau raɓa, das Tau igiyar jirgin ruwa.

Masu kallon ƙwallo sun san das Tor ko ba su sani ba, domin ita ake kurma wa ihu. Ƙofar gari ce, kamar Brandenburger Tor ta Barlin, kuma raga ce, kuma cin ƙwallon kansa ne, irin wanda Mario Götze ya yi wa Ajantina a minti na 113 a filin Maracanã a 2014. Der Tor kuwa wawa ne.

Bank ma biyu ce, wurin zama da wurin ajiyar kuɗi, kuma a nan tarihi ya zagayo har ƙofar gidanmu. Italiyawa sun ari kalmar daga harsunan dangin Jamusanci suka kira teburin 'yan canjinsu da ita, daga nan ta bazu a Turai da ma'anar gidan kuɗi. Turanci ya gaji duka rassan biyu, mu kuma muka karɓa daga hannunsa: banki da benci. Wanda ke zaune kan benci yana jiran layi a banki, a kan kalma ɗaya yake zaune yana jira.

Ɗigo biyu da ƙugiya

Akwai harafin ß, wanda Jamusawa da 'yan Ostiriya ke rubutawa, 'yan Suwizalan kuwa suka watsar suka koma ss. Likita a Jamus zai rubuta a ci abu "in Maßen", daidai wa daida. "In Massen" kuwa a ci tuli ne. A Suwizalan duka biyun rubutu ɗaya ne, sai majiyyaci ya yi aiki da hankalinsa. Duk wanda ya taɓa karɓar saƙon waya da aka rubuta "baki" bai san ko baƙi ake nufi ko bakin magana ba, ya san wannan ciwo. Babban baƙi ma yana aiki: "der Gefangene floh" fursuna ya gudu; "der gefangene Floh" ƙumar da aka kama.

Ɗigo biyun da ake ɗora wa wasali haka suke. Zahlen biya, zählen ƙirga. Schön kyakkyawa, schon "riga" ko "tuni". Wannan na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye. Bajamushen da ya fara tsara Hausa cikin littattafan boko da gaske sunansa Schön: ya bi ayarin kogin Kwara na 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya buga jerin kalmomin Hausa a 1843, nahawu a 1862, ƙamus a 1876, sannan Magana Hausa a 1885. Mafi yawan Hausar da ya tara daga bakin Dorugu ya same ta, yaron ƙasar Damagaram da ya bi matafiyin nan Heinrich Barth zuwa Turai a 1855. Injinan buga rubutu na Ingilishi ba su da ɗigon, don haka a takardu da yawa za ka ga Schon. Malam Kyakkyawa ya koma Malam Tuni.

Ba shi kaɗai ba ne. Adam Mischlich, jami'in mulkin mallakar Jamus a Kete-Krachi da ke Gana ta yau, ya zauna da Imam Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya kuma fitar da ƙamusun Hausa da Jamusanci a 1906. Irmtraud Herms ta fitar da wani a Leipzig a 1987. Hanya daga Hausa zuwa Jamusanci ba tare da ratsawa ta Landan ba ta daɗe da samuwa, mu ne dai muka bar ta ta yi ciyawa.

Gishirin magana

Inda wannan hanya ta fi amfani shi ne wajen ƙananan kalmomin nan da ƙamusun Turanci ke ɗaga hannu a kansu: doch, mal, ja, halt, eben, denn. Malaman Ingila sukan ce wa ɗalibai ba sa fassaruwa, a dai ji su a jiki. Bahaushe kuwa yana da nasa: dai, fa, kam, ma, kuwa, mana, ai, wai. "Komm doch!" shi ne "Zo mana!" "Komm mal her" shi ne "Ɗan zo nan." "Das ist ja teuer" shi ne "Ai wannan da tsada." "Das ist halt so" shi ne "Haka dai abin yake." "Was ist denn?" shi ne "Wai mene ne?" Ba koyaushe suke hawa daidai ba, amma sun fi duk wani dogon bayanin nahawu kai mutum gida.

Doch tana da wani aikin na daban. In aka tambaye ka da korewa, "Ba za ka zo ba?", kana kuma nufin za ka zo, Bajamushe ba ya cewa ja, ba ya cewa nein, sai doch. Amsa uku ke nan maimakon biyu. Yaran Jamus suna iya shafe rabin sa'a suna musu da kalma biyu kacal, wannan ya ce nein, wancan ya ce doch.

Bitte kuwa ita ce "don Allah", ita ce "ba komai" in an gode maka, ita ce "ungo", ita ce "bismillah, shigo", in kuma aka ɗaga murya a ƙarshenta ta zama "na'am, me ka ce?" Tarkon yana wurin abokiyarta. In aka miƙo maka ƙarin shayi ka ce danke kawai, mai gida yana iya janye butarsa, domin ya ɗauka ka ƙoshi. Kamar dai a yi maka bismillah ka ce alhamdu lillahi. Mai so ya ce bitte.

Sie ita ce "ita", ita ce "su", in kuma aka rubuta ta da babban baƙi ita ce "ku" ta girmamawa. Abokai da dangi da yara du ake ce musu, kuma babba ne ke ba ƙarami izinin sauka daga Sie zuwa du. Ce wa ɗan sanda du yana iya jawo tara in aka ɗauke shi a matsayin cin mutunci. Mawaƙi Dieter Bohlen ya taɓa yin haka, amma a 2006 wata kotu a Hamburg ta ƙi hukunta shi, bisa dalilin cewa shi kowa ma haka yake ce masa. Rashin ladabi ne, in ji kotun, amma ba zagi ba ne.

Ruhi, hankali, fatalwa

Geist duka ukun ce. Babban littafin Hegel na 1807 yana ɗauke da ita a sunansa. Wanda ya fassara shi zuwa Turanci a 1910 ya zaɓi ma'anar hankali, wanda ya sake fassarawa a 1977 ya zaɓi ruhi, kuma har yau malamai ba su gama musu ba. A jami'a, fannonin tarihi da adabi da falsafa Geisteswissenschaften ne. A rediyon mota, in aka katse waƙa aka ce akwai Geisterfahrer a babbar hanya, direba ne ya shigo ta hannun da ba nasa ba. Wasan da aka buga ba 'yan kallo Geisterspiel ne, wasan fatalwa, irin wanda Dortmund ta ci Schalke 4 da nema a ranar 16 ga Mayu, 2020, da aka dawo daga kullen korona.

Gewalt ta fi nauyi. Ita ce ikon hukuma: sashe na 20 na tsarin mulkin 1949 da ita ya yi amfani wajen cewa daga jama'a iko yake fitowa. Ita ce kuma duka da ta'adi a rahoton 'yan sanda. Turanci ya raba su gida biyu, ɗaya mai tsabta ɗaya mai jini. A nan kam ina ganin Jamusanci ya fi faɗin gaskiya.

Tarkon mai jin Turanci

Gift a Turanci kyauta ce, a Jamusanci guba. Asalinsu ɗaya, "abin da aka bayar", sai Jamusawa suka riƙa sakaya sunan guba da ita har ta cinye kalmar. Tsohuwar ma'anar ta tsira a Mitgift, kayan da amarya ke tafiya da su gidan miji.

"Halb drei" ba uku da rabi ba ne, biyu da rabi ne, wato an ci rabin hanyar zuwa uku. Baƙi da yawa sun makara da sa'a guda cur saboda wannan. Billion ɗinsu kuma tiriliyan ne. Biliyan namu Milliarde suke ce masa. Ɗan jaridar da bai lura ba zai rage kasafin kuɗi sau dubu.

Sai labarin Kennedy, tsohon shugaban Amurka. A ranar 26 ga Yuni, 1963, ya tsaya gaban dandazon jama'a a Barlin ta Yamma ya ce "Ich bin ein Berliner." Shekaru bayan haka aka ƙago cewa wai ya kira kansa fanke ne, domin Berliner sunan wani soyayyen fanke ne mai zaƙi a ciki, wai kuma an yi masa dariya. Ba a yi ba, tafi aka yi. Jimlarsa daidai take, kuma mutanen Barlin ba sa ma kiran abin da wannan suna, Pfannkuchen suke cewa. A Bavariya Krapfen ne. Pfannkuchen ɗin kuwa, a yawancin sauran sassan ƙasar, wata faffaɗar waina ce dabam. Haka sosej ɗin da Jamusawa ke kira Wiener, na Biyena: in ka je Biyena, Frankfurter suke ce masa.

Waɗanda suka yi niyyar tattara duka

Yakubu da Wilhelm Grimm, 'yan'uwan nan masu tattara tatsuniyoyi, sun rasa aikinsu a jami'ar Göttingen a 1837 saboda sun ƙi amincewa da sarkin Hannover ya soke tsarin mulki. A 1838 suka karɓi aikin rubuta ƙamusun da zai bi kowace kalmar Jamusanci da duk ma'anoninta, suna zaton shekara goma za ta isa. Kundi na farko bai fito ba sai 1854. Wilhelm ya rasu a 1859 bayan ya gama harafin D. Yakubu ya rasu a 1863 yana kan F, a kalmar Frucht, ɗan itace. Wasu suka ɗora, aka yi yaƙin duniya biyu, ƙasar ta rabu gida biyu, malaman Gabas da na Yamma suka ci gaba da aikin tare, har aka kammala a 1961 da kundi 32. Zug tana can kusa da ƙarshe. Kafin a kammala aikin, an riga an yanke shawarar sake rubuta A zuwa F, domin sun shekara ɗari, kalmomin cikinsu sun tara sababbin ma'anoni.